Lissafin da Ɗan Majalisa Ke Yi Kafin Ya Ce A Raba

Cikin shekara biyar kacal, sau biyu mutanen Gwarzo da Kabo suna kwana a wata masarauta su wayi gari a wata, ba tare da ko mutum ɗaya ya naɗe tabarmarsa ba. A watan Mayun 2019 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta zartar da dokar da ta rarraba masarautar Kano, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu ranar 8 ga wata, sai ga Gwarzo da Kabo a ƙarƙashin Ƙaraye. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka komo Kano. Ko da aka sake ɗaga Ƙaraye a watan Yuli a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, Ƙaraye da Rogo kaɗai aka ba ta.

Saboda haka mutumin Getso ko na Garo ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ƙuri'ar ɗan majalisa ke iya yi wa taswira. Abin da ba kasafai yake gani ba shi ne aikin da ake yi kafin ƙuri'ar. A talabijin dai abin ba ya wuce ƙiftawa da bismilla: shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su amsa, a amsa da ƙarfi, ya ce waɗanda ba sa so su amsa, ya buga guduma, shi ke nan. Wanda ya ga wannan sai ya ce ai aikin majalisa ihu ne da alawus, kuma a yawancin ranaku ba zan yi masa gardama ba. Amma akwai ranar da tambayar da ke gaban majalisa takan zama a zauna tare ko a rabu, idan kuma za a rabu, ta wace ƙofa. A irin wannan ranar ake gane wanda ya iya da wanda ya zo ɗumama kujera.

Duk wanda ya taɓa zama wurin raba gandu ya san cewa faɗin "a raba" shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Ɗan'uwa mai fushi zai faɗe shi sau goma kafin azahar. Rigimar tana farawa ne idan aka zo kan wa zai ɗauki shanun huɗa, ta gonar wa hanyar rijiya ta bi, wa zai biya bashin takin bara. A nan sai ka ga rabuwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai raba gona a bar rumbu ɗaya, akwai raba tukunya a ci gaba da noma tare, akwai kowa ya kama gabansa. Dattijon da ake kira wurin irin wannan zama yakan fi masu gandun sanin abin da kowace hanya za ta ci. Aikin ɗan majalisa ke nan, sai dai nasa gandun ƙasa ce.

Arewa ta taɓa tsayawa a bakin wannan ƙofa, kuma abin da wakilanta suka yi a watanni biyar na shekarar 1953 ya isa a karantar da shi a aji.

Tushen maganar yana taron Ibadan na Janairun 1950, inda aka zauna duba tsarin mulki. A can Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya shaida wa mahalarta cewa muddin ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to za ta nemi a mayar da ita yadda take kafin haɗewar 1914. An ba ta. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya kafa Majalisar Wakilai a Legas mai zaɓaɓɓun wakilai 136: Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34. A riƙe wannan lissafi, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya tsaya.

Ranar 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya gabatar da ƙudurin da ke neman majalisa ta ɗauki samun mulkin kai a shekarar 1956 a matsayin babban burinta. Ƙudurin gajere ne, amma tarko ne mai baki biyu ga wakilan Arewa. In sun ce a'a, za a rubuta cewa 'yan Arewa sun ƙi 'yanci, sun zaɓi Bature. In sun ce e, sun ɗaure kansu da wa'adin shekara uku, alhali akawunan ofisoshin Kaduna da Kano, da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya, galibinsu mutanen Kudu ne, 'yan Arewa masu digiri kuwa da yatsu ake ƙirga su. Mulkin kai a wannan hali, a ganinsu, sauya ubangida ne kawai.

Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello bai taka ko ɗaya daga cikin bakunan tarkon ba. Miƙewa ya yi ya kawo gyara: a bar ƙudurin yadda yake, a cire shekarar 1956 kawai, a sa cewa za a karɓi mulkin kai da zarar hakan ya yiwu. Wanda bai san ƙa'idar majalisa ba zai ɗauka wasa da kalmomi ne. A ƙa'ida kuwa, gyara ake fara kaɗa wa ƙuri'a kafin a zo kan uwar ƙudurin. Idan gyaran ya wuce, tsohon lafazi ya mutu, kuma abin da zai rage a gaban majalisa shi ne sabon lafazin. Ke nan da gyaran ya wuce, da 'yan Action Group ta Awolowo da 'yan NCNC ta Azikiwe ne za su shiga tsaka-mai-wuya: ko su amince da mulkin kai maras rana, ko a gan su suna kaɗa ƙuri'ar ƙin mulkin kai. Da jimla ɗaya Sardauna ya juya tarkon ya fuskanci masu shi. Kuma yana da kujeru 68 a bayansa, ga jami'an Turawa da ke zaune a majalisar, waɗanda kowa ya san inda za su karkata.

Daga nan sai Malam Ibrahim Imam na Borno ya kawo ƙudurin a ɗage muhawarar. Wannan ma makami ne da ƙa'ida ta tanada, don ƙudurin ɗagewa yakan sha gaban duk abin da ake tattaunawa. Sai dai a nan, a ganina, an ɗan zarce. Mutanen Kudu sun ɗauke shi a matsayin toshe baki, 'yan Action Group da na NCNC suka tattara takardunsu suka fice. Ministocin Yamma huɗu sun ajiye aiki a kan wannan batu. Sardauna, cikin ɓacin rai, ya ce kuskuren 1914 ya fito fili. Da wakilan Arewa suka fito, jama'ar Legas suka yi musu ihu da zagi, ana kiransu 'yan amshin shatan Turawa, haka kuma aka riƙa yi musu a tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida. Mutane ne masu rawani da sarauta, waɗanda ba su saba a ɗaga musu murya ba, balle a yi musu ature.

Abin bai tsaya nan ba. A tsakiyar Mayu tawagar Action Group ƙarƙashin Samuel Akintola ta nufo Kano don tallata mulkin kai a 1956. Ranar 16 ga wata rikici ya ɓarke tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Fiye da mutum 30 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni.

To, a cikin wannan hali ne, jini bai bushe ba, Majalisar Wakilan Arewa da Majalisar Sarakuna suka zauna a Kaduna. Da a ce an jefa musu tambaya ɗaya tak, a fice ko a zauna, Allah kaɗai ya san abin da fushi zai haifar. Shugabanninsu ba su bari tambayar ta zo a haka ba. Suka farfasa ta suka kawo buƙatu takwas. Kowace jiha ta riƙe duk harkokinta, ban da tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan da cibiyoyin bincike na Afirka ta Yamma. Kada a sami majalisar dokoki ta tsakiya, kada a sami gwamnatin tsakiya mai tsara manufa. A maimakonsu a kafa wata hukuma wadda ba ta siyasa ba, a ajiye ta a wurin da ba na kowa ba, zai fi kyau Legas. Jirgin ƙasa da jiragen sama da gidan waya da lantarki da haƙar kwal a miƙa su ga hukumomi masu zaman kansu da ke yi wa kowa aiki. Kowace jiha ta karɓi harajinta, ta kuma mallaki ma'aikatanta. Kuɗin kwastan kuwa hukumar tsakiya ta karɓa a tashar jiragen ruwa.

Duba jerin nan da kyau. Duk abin da aka ce a raba, abu ne da Arewa za ta iya riƙewa da kanta ko take tsoron a danne ta a cikinsa. Duk abin da aka ce a bar shi a haɗe, abu ne da ke bi ta kan dogo ko ta bakin teku. Ba a yi haka a banza ba. Gyaɗar da manomin Kutama ko na Gude ya kai wa ɗan kamasho, wadda ake jibgewa dala-dala a Kano, ba ta zama kuɗi sai ta bi layin dogo na sama da kilomita 1,100 ta isa Apapa. Haka audugar Funtuwa, haka kuzar Jos, sai sun bi dogo sun isa bakin teku. Atamfa da gishiri da kananzir da keken da ke shigowa kasuwannin ƙauye, a bakin ruwa ake biya musu kuɗin fito, kuma wannan kuɗi shi ne ƙashin bayan baitulmali. Arewa ba ta da teku. Ƙasar da ta fice cikin faɗa, ta bar maƙogwaronta a hannun wanda suka yi faɗan da shi. Sardauna da kansa, a littafinsa My Life na 1962, bai ɓoye cewa ɓallewar ta ba su sha'awa ba, kuma batun tashar ruwa da kuɗin kwastan na cikin abin da ya sa suka ja birki.

Wannan ita ce gwaninta ta farko, kuma ita ce mafi wuya: mutum ya yi wa fushinsa kuɗi. Ya tambayi kansa, wannan ƙuri'a da zan kaɗa don in huce, nawa za ta ci wa mai buhu goma a ƙauyenmu?

Ta biyun ta bayyana a Landan. Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya riga ya sanar a majalisar Birtaniya cewa za a sake tsarin mulkin a ba jihohi ƙarin iko, ya kira taro daga ƙarshen Yuli zuwa Agustan 1953. Tawagar Arewa ta tafi da buƙatunta takwas, ta dawo ba tare da mafi girmansu ba, don ta yarda a ci gaba da majalisar tsakiya da gwamnatin tsakiya. Mai kallo daga nesa zai ce an kayar da su. Amma ga abin da suka ɗauko a madadi. Tsarin tarayya, inda duk ikon da ba a rubuta wa tsakiya ba na jiha ne. Kowace jiha da Firimiyanta da ma'aikatanta da kotunanta. Hukumar sayen amfanin gona ta koma hannun jiha, wato rarar kuɗin gyaɗa da auduga ta dawo Kaduna. An cire Legas daga Jihar Yamma ta zama ta tarayya, abin da ya ƙona wa Awolowo rai matuƙa, amma ya tabbatar wa Arewa cewa ƙofarta ta teku ba ta hannun wata jiha. A sabuwar majalisa mai kujeru 184, Arewa ta riƙe 92. Batun 1956 da ya tayar da ƙurar kuwa, sai aka warware shi cikin sauƙin da zai ba ka mamaki: jihar da ta shirya ta karɓi mulkin kanta na cikin gida, wadda ba ta shirya ba ta jira. Gabas da Yamma suka karɓa a Agustan 1957, Arewa ta karɓa ranar 15 ga Maris 1959, ƙasa baki ɗaya ranar 1 ga Oktoba 1960.

Wato sun shiga ɗakin taro da abin da suke so, da abin da za su iya karɓa, da abin da ba za su taɓa yarda da shi ba, kuma sun san bambancin ukun tun kafin su hau jirgi. Buƙatu takwas ɗin farashin farko ne. Wanda bai san zaɓinsa na biyu ba, ba zai iya sakin na farko ba, don bai san inda zai faɗa ba.

Wani abin lura: da taron ya sake zama a Legas a farkon 1954, Action Group ce da kanta ta nemi a rubuta 'yancin ɓallewa a cikin tsarin mulki. NCNC ta Azikiwe ta ƙi, Lyttelton ya ƙi, aka bar ƙofar a rufe. Cikin shekara guda masu barazanar ficewa sun sauya, abin da ke nuna cewa a siyasa kowa yakan tuna da ƙofa ne ranar da lissafi ya juya masa baya.

Ba na son a ɗauka waliyyai nake zanawa. Wakilan nan ba zaɓen kai-tsaye ne ya kai su ba, ta matakai aka tace su, kuma yawancinsu ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta. NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta yi rawar gani a matakin farko na zaɓen 1951 a Kano, amma matakan sama suka tace ta tas. A wurin 'yan NEPU, ikon da aka ƙwato wa jiha ƙarin ƙarfi ne ga masu danne talaka, kuma duk wanda kakansa ya sha ɗaurin alkali saboda katin jam'iyya ya san ba ƙarya suka yi ba. Ana iya ƙin manufar mutum a kuma yarda cewa ya iya sana'arsa. Kuma in ana son ganin darajar sana'ar, a dubi 1966, lokacin da aka sake kiran araba ba majalisa a ƙasa. Tawagar Arewa a taron Legas na Satumban shekarar ta fara da neman sassauƙar haɗaka mai 'yancin ficewa, daga baya ta juya ta nemi tarayya mai ƙarfi da ƙirƙiro jihohi. Lissafin tekun nan ne dai ya sake aiki, amma a wannan karon bindiga ta riga ta shiga maganar, kuma kowa ya san inda aka ƙare.

Abin mamaki, majalisar da ta koya mana waɗannan ƙa'idoji ita ce ta nuna wa duniya yadda ake kasa amfani da su. Ranar 23 ga Yunin 2016 mutanen Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 52 da kashi 48. Takardar ƙuri'ar ba ta ce ta wace hanya ba, ta bar wa majalisa. Firayim Minista Theresa May ta kawo yarjejeniyarta ranar 15 ga Janairun 2019, aka kayar da ita 432 da 202. Ta sake kawowa, aka sake kayarwa. Sai 'yan majalisa suka ƙwace jadawalin zama daga hannun gwamnati, suka ce bari mu gwada kowace hanya mu gani. Ranar 27 ga Maris aka miƙa wa kowane wakili takarda mai zaɓi takwas: ficewa ba yarjejeniya, zama cikin tsarin kwastan na bai-ɗaya, zama cikin kasuwar bai-ɗaya, mayar da magana ga jama'a, soke ficewar in an rasa mafita, da sauransu. A gaban kowane zaɓi mutum zai sa e ko a'a ko ya bar shi fayau, kuma yana iya cewa e ga fiye da ɗaya. Aka ƙirga. Duka takwas ɗin sun faɗi.

Ranar 1 ga Afrilu aka rage su zuwa huɗu. Shawarar daɗaɗɗen ɗan majalisa Ken Clarke ta zama cikin tsarin kwastan ta sami 273, masu ƙi 276. Ƙuri'a uku. Kuma a cikin waɗanda suka ƙi ta ko suka ƙaurace mata har da masu ƙaunar Turai, waɗanda wannan shawara ta fi kusa da ra'ayinsu nesa ba kusa ba a kan ficewar ƙarfi. Sun ƙi ta ne don suna tsoron in ta wuce, burinsu na sake ƙuri'ar raba-gardama ya mutu. Su ma masu tsananin son ficewa sun yi ta kayar da yarjejeniyar May don suna jiran wadda ta fi ta tsauri. Kowane ɓangare ya riƙe zaɓinsa na farko yana jiran ɗayan ya gaji. A daren ne Nick Boles, wanda tasa shawarar ita ma ta faɗi, ya miƙe a zauren ya ce jam'iyyarsa ta ƙi sassautawa, ya bar ta nan take. A ƙarshe masu tsauri ne cacarsu ta ci. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, daga bisani ta bar kasuwar bai-ɗaya da tsarin kwastan duka. Waɗanda suka raina rabi sun tashi ba ko kwata.

Akwai darasi na ƙa'ida a nan wanda gwanaye suka sani. Yadda aka jera tambaya yakan yanke hukunci kafin a kaɗa ƙuri'a. In aka ce kowane zaɓi ya tsaya shi kaɗai a yi masa e ko a'a, kowa zai iya kashe na abokin hamayyarsa, a tashi ba kome. In da an ce kowa ya jera su daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi, a riƙa zubar da na ƙarshe, dole ɗaya ya rage. Shi ya sa ɗan majalisar da ya goge yakan fi yin faɗa a kan jadawali da jerin gyare-gyare fiye da a kan jawabi. Sabon shiga yana can yana haddace abin da zai faɗa a gaban kyamara, tsohon hannu yana ofishin akawun majalisa yana tambayar wane gyara za a fara kira.

Sai kuma ƙirga. Wannan fanni Gwarzo ta san shi, don ta ba da masu tsawatarwa biyu a majalisun tarayya. Alhaji Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, wanda ya wakilci Gwarzo ta Gabas a Majalisar Wakilai a Jamhuriya ta Farko, ya riƙe wannan muƙami a ɓangaren gwamnati. Sanata Bello Hayatu Gwarzo ya riƙe shi a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015. Jama'a na jin "bulaliyar majalisa" sai su zaci aikin tsawa ne. Yawancin aikin da dare ake yin sa, da takarda da biro. Jerin sunaye ne gida uku: namu, nasu, da waɗanda ba su tsaya ba. A gida na ukun ake kwana. Wane yana tare da mu amma gwamnansa ba ya so. Wane zai ce e in da murya za a yi, amma in aka ce a raba majalisa kowa ya miƙe a rubuta sunansa, zai tuna yana da ganin likita. Wane ba zai goyi bayan ƙudurin ba, amma zai iya yin shiru in an sa masa kalma ɗaya a sakin layi na uku. Mai tsawatarwar kirki ba ya barin a kira ƙuri'ar da bai san sakamakonta ba. In lissafi bai cika ba, sai ka ji an nemi a mayar da batu ga kwamiti.

Shi kuma wakilin kansa yana da nasa lissafin, wanda ya fi na kowa ɗaci. Jam'iyya ta ce ga inda za a bi. Mutanen mazaɓa sun aiko cewa ga abin da suke so, kuma ba bakinsu ɗaya ba, don abin da ɗan kasuwar hatsi ke so daban, na ma'aikacin ƙaramar hukuma daban. Ga kuma abin da shi ya gani a cikin takardu wanda su ba su gani ba. Ran da ya je ta'aziyya gida, wani dattijo zai riƙe masa hannu ya ce, "Honarabul, mu dai mun gaji, a raba kawai kowa ya huta." Maras gwaninta zai ce, "An gama, Baba," a yi masa tafi. Gwani zai zauna a kan tabarmar ya ce, "Baba, in an raba, fanshon su Malam wa zai biya? Asibitin da kuke kai haihuwa, a wane ɓangare zai faɗa?" Ba a yi wa irin wannan amsa tafi. Ita ce dai aikin.

Yau a Nijeriya ƙofar ficewa daga ƙasa a rufe take da doka, don sashe na 2 na tsarin mulkin 1999 ya ce ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Amma ƙananan ƙofofi suna nan, kuma ana ƙwanƙwasa su kullum. Sashe na 8 ya shimfiɗa hanyar ƙirƙiro sabuwar jiha: sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da majalisar jiha da ƙananan hukumomi sun sa hannu, sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'ar raba-gardama, sai mafi yawan jihohi sun yarda, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya. Tsananin wannan hanya ya sa tun Jihar Tsakiyar Yamma ta 1963 ba wata gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiro jiha. Kano ta 1967 da Jigawa ta 1991 duk da dokar soja aka yanke su. Masu neman jihohin Tiga da Ghari daga Kano sun kai buƙatunsu gaban kwamitocin gyaran tsarin mulki, kuma na Majalisar Dattawa ta goma mutumin Kabo aka ba jagorancinsa, Mataimakin Shugaban Majalisar, Sanata Barau Jibrin.

Shi ɗin dai ne ya riƙe ragamar Majalisar ECOWAS na wucin gadi har zuwa zamanta na Kano a Mayun 2024, lokacin da batun ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ke kan kowane harshe. Ƙasashen uku sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025 bayan wa'adin shekara guda da yarjejeniyar ƙungiyar ta tanada. Ko mutum yana ganin sun yi daidai ko sun yi kuskure, abu ɗaya ba ya musuwa: a Yamai ba zaɓaɓɓiyar majalisa a lokacin, don an rushe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ba wakilin Maraɗi ko na Damagaram da ya sami damar miƙewa ya kawo gyara, ya ce a fita daga wannan a bar wancan, ko ya tambayi makomar mai ɗauko kaya daga Dawanau ya bi ta Jibiya.

Nan gida ma, gaggawa ta sha ba mu kunya. Dokar masarautu ta Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, a watan Nuwamba Babbar Kotun Kano ta rushe ta saboda ba a bi ƙa'ida ba, a watan Disamba aka sake yin wata. Ta 2024 ma ba ta daɗe a zauren ba, kuma shari'o'in da ta haifa sun fi muhawarar da aka yi a kanta tsawo. Ina da ra'ayina a kan wace ce ta fi dacewa, kowa ma yana da nasa. Amma a duka biyun ban ga an jera wa jama'a hanyoyi uku ko huɗu an ce ga abin da kowace za ta ci ba, kuma ban ga an zo Gwarzo ko Kabo an tambayi hakimai da dagatai da talakawan da za a sauya wa alƙibla ba.

Maganar sabuwar jiha za ta sake tasowa, ta masarautu ma haka, kuma masu neman kujerar Kabo da Gwarzo za su zo neman ƙuri'a da alkawarin za su tsaya tsayin daka. Idan ɗayansu ya zo ƙofar gidanka, kada ka tsaya a tambayarsa ko yana goyon baya. Tambaye shi in abin da yake so bai samu ba, mene ne na biyunsa, mutum nawa ya ƙirga a bayansa, kuma wa zai biya kuɗin rabuwar. In ya fara kame-kame, ka riƙe ƙuri'arka.